Idan Mitocin Gaban Direba Suka Rikice: Yadda Ake Gano Inda Laifin Yake

Allurar mai ta kwanta a kan E alhali yanzu aka fito daga gidan mai. Ko allurar zafi ta haye ja tun ba a bar unguwa ba. Ko mota tana zabga gudu a hanyar Zariya, mitar gudu kuwa tana kan sifiri, ko gezau. Abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne allon mita ya mutu, sai an sayo wani, kuma a nan ake yawan zubar da kuɗi, domin galibi allon lafiyarsa lau.

Mita 'yar aike ce, abin da aka faɗa mata shi take nunawa. Bayan kowace allura akwai abubuwa uku: sensa da ke can jikin inji ko cikin tanki ko kan giyabos, wayar da ke ɗauko saƙo, sannan ita allurar. A motocin zamani akwai na huɗu, wato ƙwaƙwalwar mota da makanikai ke kira birenbos, wadda saƙon ke bi ta cikinta kafin ya iso allo. Aikin duka shi ne a raba waɗannan, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai araha.

Amma kafin nan akwai tambayar da ta fi kowacce: shin ƙarya mitar take yi, ko gaskiya take faɗa? Gejin mai ko mitar gudu in sun yi ƙarya, iyakaci ka tsaya a hanya. Allurar zafi da fitilar baƙin mai kuwa, ka ɗauke su masu gaskiya har sai ka tabbatar da akasin haka. Wanda ya ce "ai geji ne kawai" ya ci gaba da tuƙi, in bai yi sa'a ba inji zai saya.

Kayan aiki da abin da ba a taɓawa

Kana buƙatar multimita mai auna volt da ohm, fitilar gwaji, sukundireba, sifana lamba 10, da feshin wanke soket. Ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tauye wa wuta hanya, kuma yawancin sensa da wannan tauyewar suke magana da allura. Idan motar tana da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙasan sitiyari, ƙaramar sikana da ke haɗuwa da wayar hannu za ta rage maka rabin wahala. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da shi, na Turai masu fetur kuma daga 2001.

Wayoyi masu rawayar riga ko rawayar soket na jakar iska ne, kada ka soka musu komai. Fitilar gwaji mai kwan fitila na da tana jan wuta da yawa, saboda haka a fiyus da manyan wayoyi kaɗai za ka yi amfani da ita, ba a kan siraran wayoyin da ke shiga birenbos ba. In za ka cire allo, kashe mota, cire kan batir na negetib, ka jira aƙalla daƙiƙa 90.

Murɗa makulli ka ƙirga

Murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba ido. Fitilar batir, ta baƙin mai, ta inji, ta ABS da ta jakar iska duk ya kamata su kama. Wadda ba ta kama ba, ko dai kwanta ya mutu, ko wani ya cire shi ko ya liƙe shi da baƙin tef don ya ɓoye matsala, abin da ke faruwa a motocin hannu. Sannan ka ƙirga allurai nawa ne suka lalace, domin wannan ƙirgen shi zai nuna maka inda za ka dosa.

Idan duka suka mutu lokaci guda, ka manta da sensa. Ba yadda za a yi sensa huɗu su haɗa baki su mutu rana ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne wuta da negetib. Buɗe akwatin fiyus na cikin mota, ka nemi wanda aka rubuta wa GAUGE ko METER ko IG, yawanci mai amfiya 7.5 ruwan ƙasa ko 10 ja. Kada ka yarda da ido kawai: makulli na ON, taɓa fitilar gwaji a ƙananan ƙarafunan nan biyu da ke bayan fiyus ɗin. Ta kama a gefe ɗaya ta ƙi ɗayan, fiyus ya ƙone. Ta ƙi duka biyun, wuta ba ta zuwa daga makulli ko rile.

In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Sa mai amfiya 20 ko naɗa waya a gurbinsa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin abin da zai ƙone a madadin fiyus shi ne layukan tagulla na bayan allo. Lura da lokacin da yake ƙonewa. A Toyota da yawa fiyus ɗin GAUGE shi ne kuma ke ba fitilun ribas wuta, don haka idan sai ka sa ribas mitoci ke ɗaukewa, je ka duba wayoyin da ke lanƙwasawa a hannun murfin but da makunnin ribas na kan giyabos.

Idan allurai suna rawa tare, ko allurar zafi tana ɗagawa duk sanda ka kunna fitilun gaba ko esi, wannan alamar negetib ce mara kyau. Wutar da ta rasa hanyar komawa batir sai ta bi ta cikin mita. Inji na aiki, fitilu a kunne, sa multimita a kan volt, baƙin tsinke a kan negetib na batir, ja a jikin inji, sannan a jikin mota. Abin da ya haura 0.2 ya yi yawa. Nemi wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota, wadda ake yawan mantawa ba a ɗaure ba bayan an sauke inji ko giyabos. Kwance ta, goge tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau. Akwai kuma tarin wayoyin negetib da ke ɗaure da noti ɗaya a bayan allo ko wajen ƙafar direba.

Auna batir ma. Mota a kashe, lafiyayye yana nuna 12.4 zuwa 12.6. Inji na aiki, tsakanin 13.5 da 14.7. Idan ya haura 15, altaneta na cika wuta fiye da ƙima, kuma shi ke sa allo ya haukace kafin ya ƙone. A nan ya kamata a ce wani abu game da al'adar cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji: batir shi ne ke shanye tsallen wuta, da zarar an cire shi tsallen yana tafiya kai tsaye cikin allo da birenbos. Multimita tana ba da amsar nan ba tare da kasada ba. Haɗari iri ɗaya ne yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da juya kan batir lokacin da ake jona wa mota wuta daga wata.

Idan kuwa gejin mai da na zafi ne kaɗai suka karkace tare, su biyun suna nuna sama ko ƙasa, a tsohuwar mota irin Golf 2, ka zargi ɗan ƙaramin abin daidaita wuta da ke bayan allo. Aikinsa ya ba su volt 10 ba ƙari ba ragi, kuma in ya lalace tare suke yin ƙarya.

Allura ɗaya tak ta lalace? To sai a bi ta ita kaɗai.

Gejin mai

A cikin tanki akwai fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman fetur, ɗaure da siririn hannu na ƙarfe. Ƙarshen hannun yana goga a kan wani ɗan allo mai layuka, yana sauya yawan ohm gwargwadon tsayin mai. Wannan gogayyar ita ce rauninsa. Layukan suna cinyewa a daidai inda fulot ya fi zama, shi ya sa motar da kullum ake zuba mata man kwata sai ka ga allurarta tana aiki daga F zuwa rabi, tana isowa ƙasa ta faɗi warwas ko ta riƙa tsalle. Gurɓataccen mai kuma yana sa layukan su yi baƙi.

Tambayi kanka yaushe abin ya fara. Idan bayan an canja famfon mai ne, kusan ka gama bincike: ko an lanƙwasa hannun fulot wajen cusa shi, ko an juya famfon ta yadda fulot ke tokarar bangon tanki, ko an sa na wata mota, ko soket bai shiga sosai ba. Idan bayan mota ta daki dutse ko tudun kan titi ne, leƙa ƙasa ka ga ko tankin ya lotsa.

A yawancin ƙananan motoci ana isa ga famfon ta ƙarƙashin kujerar baya. Ɗaga kujera, kwance murfin, za ka ga soket. Wayoyi masu kauri na famfo ne, sirara na fulot. Cire soket ɗin, murɗa makulli ON, ka ga inda allura ta nufa. Sannan ka ɗan haɗa wayar saƙo da negetib na daƙiƙa biyu ko uku, ya kamata ta nufi ɗaya ƙarshen. Idan ta amsa a duka biyun, allura da waya lafiya, laifin yana cikin tanki. Idan ko motsi ba ta yi ba, waya ce ta katse ko allon ne.

Wane ɓangare za ta nufa ya danganta da motar, kuma nan ne ake ruɗewa. Toyota da Honda na shekarun 1990 suna ba da kusan ohm 3 idan tanki ya cika, 110 idan ya ƙare, saboda haka cire soket na kai allura E, haɗawa da negetib na kai ta F. Toyota na baya-bayan nan da yawa suna aiki tsakanin kusan 15 a cike da 410 a ƙare. Tsofaffin motocin GM na Amurka akasin haka suke, sifiri a ƙare, 90 a cike, don haka katsewar waya a cikinsu tana sa allura ta wuce F ta maƙale. Wannan bambancin ne dalilin da fulot ɗin wata mota, ko da ya shiga ramin daidai, ba zai taɓa faɗar gaskiya ba. Hanya mafi tsabta ita ce a sayi rizisto a wajen masu gyaran rediyo a sa a madadin fulot. A Honda ta wancan zamani, mai ohm 33 zai kai allura kusa da rabi. Ka yi haƙuri da ita: allurar motocin zamani an yi ta da gangan ta riƙa tafiya a hankali don kada ta yi rawa a kwana, wani lokaci sai ka kashe makulli ka sake kunnawa kafin ta nuna sabon matsayi.

In an tabbatar laifin na ciki ne, a fito da shi. Wannan aiki a fili ake yin sa, ba wuta, ba sigari, ba janareta a kusa, batir a cire, kuma tanki ya kasance ƙasa da rabi. Zoben da ke riƙe famfon in zai buƙaci duka, da katako ko tagulla ake bugunsa, ba da ƙarfen da zai yi tartsatsi ba. Sa multimita a kan ohm, ka ɗaga hannun fulot a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambobin su riƙa sauyawa sannu a hankali. Duk inda suka ɗauke ko suka yi tsalle, nan ne ya cinye. Baƙin datti yana fita da feshi da auduga, amma layin da ya goge ba shi da magani sai sabo. Girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje, kuma shi ya sa yake nutsewa allura na kwana a E. Kada ka mayar da tsohuwar robar murfi idan ta kumbura, warin fetur zai cika motar.

Motoci masu jan baya ko masu jan ƙafa huɗu da yawa tankinsu kamar sirdi yake, da fulot biyu, ɗaya a kowane gefe. Ɗaya ya mutu sai allura ta ƙi wuce rabi, ko mota ta mutu tana nuna saura kwata.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: jira fitilar ƙarancin mai ta kama, ka cika tanki ka duba lita nawa ya sha. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana ɗaukar lita 50, Camry ta wannan zamani 70. Idan allura ta ce babu komai amma lita 25 ta cika Corolla, geji ne ke ƙarya.

Allurar zafi

Allura ta hau ja, tsaya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan yana ƙarƙashin matsi kuma zai watso maka a fuska. Bayan ya huce, duba ruwa, duba ko fanka na juyawa, duba bel, taɓa tiyon sama da na ƙasa. Sai waɗannan sun fita daga zargi za a koma kan geji.

Alamar da ke nuna matsalar waya ce ita ce sauri. Ruwa ba ya tashi daga sanyi zuwa tafasa cikin daƙiƙa ɗaya. Allurar da ta buga ƙarshe da murɗa makulli da sassafe, waya ce ta taɓa ƙarfe ko sensa ya lalace. Wadda ke hawa sannu a hankali a cunkoso ta sauko idan an samu hanya, gaskiya take faɗa, kuma fanka ko lagireto za a duba.

Tsofaffin motoci suna da sensa biyu kusa da juna: mai waya ɗaya na allura, mai waya biyu na birenbos. Ana yawan canja wanda ba shi ba ne. Cire wayar mai baki ɗaya, allura ta faɗi C. Taɓa ta a jikin inji na ɗan lokaci, allura ta nufi H, ka ɗauke kafin ta buga ƙarshe. Ta yi haka, sensa za ka saya. Wajen ɗaura sabo kada a naɗa masa farin tef na masu famfo, domin ta zaren jikinsa yake samun negetib, tef ɗin kuma zai raba shi da inji.

A sababbin motoci sensa ɗaya ne, birenbos ke karantawa ya aika wa allo. Yawan ohm ɗinsa yana raguwa idan zafi ya ƙaru: kusan 2,500 a digiri 20, wajen 1,200 a digiri 40, kusan 300 a digiri 80. Ka tuna da wannan idan kana aunawa da rana tsaka a Kano ko Maraɗi, inda injin da bai yi aiki ba ma yana iya kai digiri 40, kada ka yar da lafiyayyen sensa don bai nuna 2,500 ba. Da sikana abin ya fi sauƙi. Da safe kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji su zo kusan ɗaya. Idan ka ga digiri 40 ƙasa da sifiri, waya ta katse ko soket ya fita. Idan sikana na nuna 90 allura kuma tana kwance, saƙo ya isa birenbos, laifin yana allo. Lambobin laifi da sikana ke nunawa, P0115 zuwa P0119, duk na wannan layin ne.

Allurar da ba ta taɓa kaiwa tsakiya, ko take sauka a kan babbar hanya, sau da yawa ba ta da laifi. An cire tamostat ne, wato abin da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya ɗumama, an kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli, kamar yadda aka saba yi wa motocin da suka shigo daga waje da sunan ƙasarmu akwai zafi. Tamostat na Toyota da yawa yana buɗewa ne wajen digiri 82, kuma a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. In babu shi, birenbos na ganin inji bai ɗumama ba, ya yi ta ƙara mai. Ƙarin shan mai ke nan, da baƙin fulogi, da lambar P0128.

Sai wanda ya fi kowanne haɗari. Sensa zafin ruwa yake ji. Idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye, sensa ya rage a cikin iska, allura tana iya hawa na ɗan lokaci sannan ta sauko kamar komai ya daidaita, alhali inji na toyuwa. Allurar da ta hau ta sauko da kanta, tare da warin ƙuna ko raguwar ƙarfi, dalilin tsayawa ne nan take. Iskar da ta maƙale bayan an canja ruwa ita ma tana sa allura ta riƙa hawa da sauka, sai an fitar da ita.

Fitilar baƙin mai

Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, matsinsa take aunawa. Ɗan makunni ne a jikin inji da ke haɗa waya da negetib idan matsi ya faɗi ƙasa da kamar ba 0.3 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Ta kama kana tafiya, kashe inji, ja geji ka duba mai. In mai ya cika, cire wayar makunnin, makulli na ON: fitila ta mutu, waya lafiya, ta ci gaba da ci, waya na taɓa ƙarfe a wani wuri. Idan ka ga mai a cikin soket ɗin, makunnin ya huje.

Amma wannan bai wanke injin ba. Gani ya kori ji: kwance makunnin, a ɗaura agogon auna matsi a raminsa, a bar inji ya yi zafi sosai. Injinan Toyota da yawa mafi ƙarancin abin da ake karɓa a silo shi ne ba 0.3, kuma dole ya hau sosai idan an taka totur. Fitilar da ke ƙyaftawa a silo bayan doguwar tafiya ta ɗauke idan an ba da wuta, yawanci metal ne, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, ya cinye, ko rariyar famfon mai ta toshe da dasƙararren datti, ko man ya tsinke. Zuba mai mai kauri yana kashe fitilar, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Masu Golf 2 da Golf 3 su sani cewa makunni biyu ne a injinsu: na ƙaramin matsi mai ba 0.3, da na babba mai 1.8 ko 1.4 gwargwadon injin, wanda allo ke saurara idan juyi ya haura 2,000. Ƙarar gargaɗin allo da ke tashi sai an taka mota daga na biyun take. In an musanya wayoyinsu ko an sa makunni mai lambar da ba ita ba, ƙara ba za ta daina ba ko da injin sabo ne. Lambar tana rubuce a jikinsa.

Mitar gudu

Fara da duba lambobin kilomita. Suna ƙirgawa allura ba ta motsi, saƙo na isowa, laifin na cikin allo. Su biyun sun tsaya, a sauka ƙasa.

Tsofaffi irin Peugeot 504 da Golf 2 da igiya suke aiki, wata waya mai juyawa daga giyabos zuwa bayan mita. Kwance ta ta wajen giyabos, ja cikinta: ta zaro guntu, ta tsinke. Duba ƙarshenta mai kusurwa huɗu ko ya mulmule, da ɗan haƙorin roba da ke juya ta. Allura mai rawa da ƙara igiya ce ta bushe ko ta lanƙwashe, a zare a shafa mata man giris kaɗan, ban da ƙarshen sama, don kada ya hau cikin mita.

Motocin da suka biyo bayansu suna da sensa a kan giyabos, galibi mai waya uku: wuta, negetib, saƙo. Ɗaga mota a jak, ka tokare ta da abin da ba zai zame ba, makulli ON, juya taya da hannu. Wayar saƙo ta riƙa sauyawa tsakanin sifiri da volt 5 ko 12. Lambarsa P0500, kuma a mota mai giya otomatik yakan zo da fizgar giya. Sababbi kuwa daga sensa na ABS da ke ƙafafu suke samun gudu, shi ya sa mitar ke mutuwa tare da kamawar fitilar ABS. Idan hakan ya biyo bayan canja boris, duba ko an katse siririyar wayar, ko an sa boris ɗin a juye, domin wasu gefe ɗaya ne ke da maganaɗisu.

Wani lokaci mitar ba ta lalace ba. Motar Amurka manyan lambobinta mil ne, kuma mil 60 kusan kilomita 97 ne. Taya ma tana sauya lissafi: daga 195/65 R15 zuwa 205/70 R15 an ƙara kusan kashi 5 cikin 100, mita na nuna 100 kana kan 105. Gwada da GPS na wayar hannu a miƙaƙƙiyar hanya. Mita ta ɗara GPS da kilomita 3 zuwa 5, haka aka yi ta.

Mitar juyin inji ba ta da dogon zance. Idan inji na aiki lafiya ita kaɗai ta mutu, waya ce ko allo. Idan mota ta ƙi tashi kuma allurar ko motsi ba ta yi lokacin da ake ba da kik, duba sensa na kiranshaf. Fitilar batir kuma tana da wani sirri a tsofaffin motoci: ta cikin kwanta altaneta ke samun wutar farko, saboda haka kwan ya mutu caji na iya tsayawa.

Idan laifin ya tabbata a allo

Allon da ke ɗaukewa ya dawo in an buge shi da tafin hannu, ko ya rikice idan mota ta sha rana, liƙin dalma ne ya tsage, musamman a ƙafafun babban soket. Zafi da girgizar hanya ke jawo shi, kuma mai gyaran rediyo da ya iya hannunsa zai sake narka su. Allurar da ke maƙalewa, ko take kwana ƙasa da sifiri, ɗan ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta ne ya cinye haƙora, kuma ana canja shi shi kaɗai. Kafin a zare allura a yi wa inda take alama, a ɗaga ta da cokali biyu ta gefe da gefe, ba a murɗa ta. Kore-kore a bakin soket alamar ruwa ne, ko daga gilashin gaba mai yoyo, ko motar ta taɓa nutsewa a ambaliya kafin a shigo da ita.

A motocin da allo ke magana da birenbos ta layin CAN, lambar U0155 na nufin an daina jin allon. Cire batir, auna ohm tsakanin baki na 6 da na 14 a soket ɗin OBD. Lafiyayye 60 ne. Ka ga 120, layi ya katse a wani wuri ko wata na'ura ta fita; ka ga kusan sifiri, wayoyin biyu sun haɗe. Fara dubawa daga inda aka taɓa yanka waya don sa rediyo, na'urar bin sawu ko ta hana sata.

Motar da aka sauya wa inji ko giyabos tana da nata ciwon: sensa da ya zo da sabon injin bai san yaren tsohon allo ba. In zaren ya yi daidai, mayar da sensa na tsohon injin.

Idan dole sai an saya, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Ladipo, tafi da tsohon a hannu. Lambar da ke jikin takardar bayansa ita za ka daidaita, ba kamannin fuska ba, domin na otomatik da na manuwal, na fetur da na dizal, na mil da na kilomita, duk suna iya kama da juna. Lissafin kilomita a motoci da yawa cikin allon yake, don haka rubuta tsohuwar lambar ka ajiye tare da takardun mota. A Golf 4 da danginta tsarin hana sata ma a cikin allon yake zaune: ka sa wani ba a daidaita shi da makulli ta kwamfuta ba, inji zai tashi ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Yi sharaɗin mayarwa da mai kaya kafin ka biya, kuma a jona allon a gwada kowace allura, mota ta yi zafi, a ɗan zagaya da ita, kafin a ɗaure sukuru ko ɗaya.